Na'urorin auna danshi sun mutu a kwana goma, ina wutar ta tafi?

Nasiru (Tawa), Litinin da dare

Assalamu alaikum malamaina da ƴan uwa. Wani abu ne ya ɗaure mini kai, na ce bari in kawo shi gabanku. Aikin kammala karatuna a kan ban ruwa ne, sai na dasa ƙananan na'urori 12 a garkar albasar kawuna kusa da Galmi, bayan an gama dashe. Kowace tana da Arduino Pro Mini (ɗan allon kwamfuta da ke sarrafa ta), da rediyo nRF24L01+, da ma'aunin danshi da ake cusawa cikin fangali, da batir 18650 guda mai rubutun 3000 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauke da ita). Duk minti 15 takan farka ta auna, ta aika, ta koma barci. Garkar doguwa ce, ta kusa mita 300, rediyon ba ya kaiwa daga ƙarshe zuwa rumfar mai gadi, don haka biyu daga ciki suna karɓar saƙon sauran suna miƙa wa babbar na'ura, ita kuma ta tura wa kawu saƙo a salula.

Ga lissafina: farkawa daƙiƙa 2 a kan 25 mA (miliampiya, ma'aunin wutar da na'ura ke sha), sauran lokaci barci a kan 0.005 mA. Matsakaici ya kama 0.06 mA, batir ya kamata ya haura shekara biyar. Amma masu miƙa saƙon nan biyu sun mutu rana ta uku. Na sa yaron kawu yana canza musu batir duk kwana biyu, sai ga sauran goman su ma sun bi tsakanin kwana na 9 da na 11. Kawu bai ce mini kome ba, ya dai tattara su a buhu ya aje mini a zaure. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ina kuskuren yake?

Mahamadu mai sola

Wa alaikumus salam. Nasiru, 0.005 ɗin nan, da miltimeta ka auna ko a takardar kamfani ka gani?

Nasiru

A takarda ne, Yaya Mahamadu.

Mahamadu mai sola

To nan take. Takardar tana maganar ƙwayar ATmega328P, ƙwaƙwalwar Arduino, ita kaɗai, ba allon da aka ɗora ta a kai ba. Ɗauki ɗaya yanzu, ka katse wayar batir, ka sa miltimeta a tsakani a ma'aunin mA, ka jira ta yi barci. Sannan ka duba, akwai ɗan jan fitila da ke ci a jikin allon ko tana barci?

Nasiru

Akwai. Na auna yanzu, 7.1 mA. Innalillahi.

Malama Hadiza (Yamai)

Kada ka karaya ƙanena, babu wanda ya taɓa wannan aiki bai faɗa ramin nan ba. Fitilar tana shan abin da ya kai 2 mA. Sauran kusan 5 ɗin ma'aunin danshi ne, don na tabbata kai tsaye ka jona shi da batir, yana ta aiki dare da rana alhali daƙiƙa biyu kake bukatarsa. Ka ciro wutarsa daga ƙafa ɗaya ta Arduino, ka kunna lokacin awo, ka ɗan jira ya daidaita, ka karanta, ka kashe. Fitilar kuma ka ɓamɓare ta da ƙarfen soda.

Amma akwai abu na biyu. Raba 3000 da 7.1, zai ba ka awa 420 da ƴan kai, wato kwana 17. Naka kuwa a kwana goma suka mutu. Ke nan abin da ke cikin batiran bai wuce 1700 mAh ba. Daga ina ka samo su?

Nasiru

Daga cikin tsofaffin batiran kwamfuta aka ciro su, Malama, an sake musu riga. Su ne kuɗina ya kai.

Malama Hadiza

Ba laifi ba ne, ana aiki da su, amma sai an gwada kowane an rubuta ainihin ƙarfinsa a jiki. Kuma ku sani duka, 18650 na gaske ba ya wuce wajen 3500 mAh. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6800 ko 9900, rubutun ne kawai.

Isufu (Yamai)

Da izinin Malama. Ni ina ganin an tsaya kan fitila an bar babbar maganar. Mutuwar na'urori biyun nan a rana ta uku ita ce matsalar da masana suka daɗe suna rubutu a kai: waɗanda ke kusa da babbar tasha su ke ɗaukar kayan kowa, kamar gidan bakin tasha da ke saukar baƙin gari duka, rumbunsa ke fara ƙarewa. In sun mutu, ko da sauran na da rai, an yanke su. Maganinsa sananne ne tun shekarar 2000, lokacin da Wendi Heinzelman da Anantha Chandrakasan da Hari Balakrishnan na jami'ar MIT a Amurka suka fito da tsarin LEACH. Ana raba na'urori rukuni-rukuni, kowane da shugaba mai tattara awon ƴan rukuninsa ya dunƙule ya aika sau ɗaya, kuma shugabancin karɓa-karɓa ne kamar ranar girki, yau wannan gobe wancan, don kada gajiyar ta taru kan mutum ɗaya. A gwajinsu na kwamfuta sun nuna ana iya rage cin wuta har ninki takwas. Kuma dunƙule saƙo yana da riba, don aikawa ta fi lissafi tsada nesa ba kusa ba. A wannan shekarar Pottie da Kaiser sun ƙiyasta cewa wutar da za ta kai ɗan ƙaramin saƙo mita 100 ta isa a yi umarnin lissafi miliyan 3. A kan wannan nake kundina, na gwada da na'urori 100 a kwamfuta kuma bambancin a fili yake.

Mahamadu mai sola

Malam Isufu, a kwamfutarka akwai fitilar da ke ci?

Ba raini ba ne, tambaya ce ta gaske. Yaron nan 7 mA ke zurara masa dare da rana. Ko wane tsari ka kawo, randa ce mai huji.

Isufu

Na yarda a toshe huji tukuna. Amma bayan an toshe fa? Biyun nan za su ci gaba da mutuwa.

Malama Hadiza

Isufu, ka gano ciwon daidai, a maganin ne muka rabu. LEACH ya ginu kan sharaɗin cewa duk na'urar da shugabanci ya faɗo kanta tana iya jiyar da babbar tasha kai tsaye in ta ɗaga murya. Na Nasiru ba sa iyawa, shi ya sa ma ya sa masu miƙawa. In girki ya faɗo kan ta ƙarshen garka, wa zai ji ta? Kuma na'urori 12 ne a jere kamar layin sallah, ba ɗari ba warwatse a fili.

Sannan ina son ku lura da abin da ya kashe biyun nan. Ba yawan aikawa ba ne. Saƙon na'urori goma duk minti 15, in ka tara lokacin aika shi bai cika daƙiƙa ɗaya ba. Sauraro ne ya kashe su. nRF24L01+ yana shan 11.3 mA in yana aikawa da cikakken ƙarfi, amma 13.5 mA in ya kasa kunne, ko da babu mai magana. Haka rediyo CC2420 da aka yi shekaru ana bincike da shi, 17.4 aikawa, 18.8 sauraro. Mai miƙawa bai san yaushe saƙo zai zo ba, don haka ba ya runtsawa. Haɗa 13.5 da 7 na huji da kamar 4 na Arduino a farke, ka sami wajen 25 mA. Raba 1700 da 25, awa 68. Ga kwana ukunka nan, Nasiru, ba ragi ba ƙari.

Abin yi shi ne a sa su yi alƙawari: kowa ya farka lokaci ɗaya, a gama magana, kowa ya kwanta har da masu miƙawar. Tunanin da ke cikin tsarin da ake kira S-MAC ke nan tun 2002. Sai dai agogon cikin Arduino da ke tashe shi daga barci ba abin dogaro ba ne, yakan kauce sosai, zafi ma na ƙara masa. Sai ka sa wa kowace agogo DS3231, wanda kaucewarsa ba ta fi kamar minti ɗaya a shekara ba. Shi ma allonsa na da fitila, ka cire.

Laminu

Ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. A sa rediyon LoRa mai dogon zango kowa ya yi magana kai tsaye da babbar tasha, mita 300 ai wasa ne, tana cin kilomitoci a fili.

Malama Hadiza

Gaskiya ne Laminu, da yau zai fara da ita zan ce ya saya. Babu mai miƙawa, babu mai kwana zaune. Abin kula ɗaya: nisa da wuta ake sayensa. Saƙo mai bayit goma a kan SF7 (saitin LoRa mai sauri, na kusa) yana ɗaukar kusan kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa, a kan SF12 (saiti mai jinkiri, na nesa) ya kusa daƙiƙa ɗaya da rabi, kuma rediyon LoRa SX1276 a cikakken ƙarfi 120 mA yake ja. Mutane kan sa SF12 don kwanciyar hankali a inda SF7 ta isa. Amma Nasiru ɗalibi ne, ya riga ya kashe abin da ke hannunsa.

Nasiru

Haka ne Malama. Rediyo 13 sababbi ba zan iya ba a yanzu, balle jiran a kawo su. Albasa ba ta jira.

Mahamadu mai sola

Ni fa har yanzu ina mamakin yadda muke ƙirga miliampiya kamar masu rabon gishiri alhali rana na dukan kanmu kyauta. Ƙasar Abdu Mumuni ce fa, mutumin da ya riƙe ofishin makamashin rana ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, ana ƙera tukunyar dafa ruwa da rana a Yamai tun ba a haife mu ba. Ga tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, daga garkar kawunka in ka hau babur yanzu ka isa. Ɗan farantin sola mai wat 1 da caja TP4056, shi ke nan, ko 25 mA ne ya riƙe. Awa 24 sau 25 ai 600 mAh ne a yini, farantin zai mayar kafin la'asar in ba hazo.

Zainabu (Tawa)

Yaya Mahamadu, bari in faɗi abin da idona ya gani, don shekara huɗu ina bin na'urorin auna zurfin ruwa a rijiyoyin wajen Kaita da Tabalak. Rana da ke ba da wutar ita ce ke cin batirin. Batirin litiyom irin 18650 ba a son a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Mu kuwa a Afirilu da Mayu iska kanta tana haura 40 a inuwa, balle cikin akwatin roba da ke tsakiyar fili da azahar, kuma daidai lokacin ne farantin ke tura wuta da ƙarfi. Batir cike taf a 4.2 V kullum, cikin zafi kullum, babu abin da ya fi saurin tsufar da shi. Na buɗe wani akwati a ƙarshen bazara, ban iya riƙe murfin da hannu ba sai da na naɗe shi da gyale, batirin ciki rigarsa ta tsage, farin gari ya fito ta kansa. Bai cika shekara ba.

Waɗanda suka daɗe mana su ne marasa faranti, masu batir Li-SOCl2 na 3.6 V wanda ba a caji. Yana jure zafi har 85, kuma abin da yake zubarwa da kansa bai fi kashi ɗaya cikin ɗari a shekara ba. Tsadarsa ce matsala, ga shi ba ya son a fizge shi, in ka haɗa shi da allon layin salula SIM800L mai fizgar har 2 A lokacin kira sai ka sa babban kondansata mai tara wuta. In kuma dole sai sola, batir irin LiFePO4 ya fi haƙuri da zafi.

Mahamadu mai sola

Hajiya Zainabu, zafi na yarda, ko batiran gidaje na dalma muna gaya wa mutane duk ƙarin digiri goma sama da 25 na raba ransu biyu. Amma wannan gyaran wurin ajiya ne. A binne batir a tiyo cikin ƙasa rabin mita, faranti a sama. Ban ga dalilin gudun rana ba.

Alhaji Ada

Salamu alaikum. Ni ba ni da ilimin wanga abu, ɗana ya sa ni cikin zauren nan don ina noman albasa shekara talatin da wani abu. Na karanta duk abin da kunka rubuta. Tambaya biyu gare ni.

Ta farko, Mahamadu ɗana, farantin nan mai walƙiya goma sha biyu cikin garka, wa zai tsare su? Injin ban ruwa ma da dare gida muke kai shi. Yaro ya gane faranti na cajin salula, an gama. Kuma da hunturu ƙura rufe shi take, sai an bi ana shafewa, mu kuwa hannu bai ishe mu ba.

Ta biyu, Nasiru, mi ya sa duk minti goma sha biyar? Ƙasa ba ta bushewa haka. Ni in na ba da ruwa yau, sai bayan kwanaki nake komawa wannan fangali. Abin da nake so in sani da asuba, kafin in zuba mai a inji, wane ɓangare ke da ƙishi wane ke iya jiran gobe. Kuma shekara biyar da kake faɗi ba ta dame ni ba. Daga dashe zuwa cira wata huɗu ne ko da ɗan ɗori. In abin ya kai ni ranar da za a kai albasa rudu ba tare da na taɓa shi ba, na biya. In ya mutu tsakiya lokacin da take ƙwai, gara ban san shi ba, don na riga na saki yatsana da nake gwada ƙasa da shi na dogara gare shi.

Malama Hadiza

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka faɗa ya kamata ya zama shafin farko na kundin yaron nan. A takardun bincike ana ta jayayya kan mene ne tsawon ran irin wannan tsari: wasu sun ce ranar da na'ura ta farko ta mutu, wasu ranar da rabi suka mutu, wasu ranar da wani yanki ya daina jiyuwa. Ku kun ba da ma'auni na huɗu, kuma a garka shi ne mai amfani.

Nasiru, ka yi lissafi da maganar Baba. Farkawa sau ɗaya a awa, masu miƙawa su saurara daƙiƙa 10 kacal. 25 sau 10 raba 3600, wato 0.07 mA. Ko barcinka ya tsaya a 0.1, jimla ba ta kai 0.2 ba. Kwana 130 a kan 0.2 mA bai wuce 630 mAh ba. Tsofaffin batiranka ma sun isa har da rara mai yawa, kuma rarar nan kake bukata don zafin Maris.

Isufu

Ina da ja kaɗan, Malama. In muka ce wata huɗu ya isa, ba mu rage wa kanmu buri ba? Aikin Hajiya Zainabu shekaru yake bukata. Ranar da za a sa na'urori ɗari biyu a kwarin Majiya, tsarin raba nauyi zai dawo dole.

Malama Hadiza

Zai dawo, kuma ina son ka ci gaba da aikinka. Abin da nake roƙo, ka sa cin wutar sauraro da na barci a gwajinka, da lambobin da aka auna da hannu, ba kawai na aikawa da karɓa ba. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. A 2005 masu bincike na jami'ar Delft a Holan sun dasa na'urori kusan ɗari a gonar dankalin turawa, da kuɗinsu da ƙwarewarsu, kashi 2 cikin 100 na awon ne kawai ya iso. Suka zauna suka rubuta duk abin da ya lalace dalla-dalla, kuma rubutun nan ya fi amfanar mutane bisa gwaje-gwaje da yawa da suka ci nasara a kwamfuta. Ka karɓi lambobin Nasiru ka zuba a naka mu ga abin da LEACH zai ce.

Isufu

Na karɓa. Nasiru, ka turo mini su da nisan da ke tsakanin kowace da kowace.

Zainabu

Kuma Nasiru, kowane saƙo ya zo da ƙarfin batirin na'urar a ciki. Bayit biyu ne kawai. Da ka yi haka tun farko da ka ga suna gangarowa tun rana ta biyu. Ka toshe bakin tiyo da kyau, tururuwa na son ɗumin ciki.

Mahamadu mai sola

Ni dai babbar na'urar rumfa ba zan janye ba, ita sai da faranti, don ba ta barci kuma ita ke da layin salula. Akwai wani mai wat 10 a shagona da gilashinsa ya ɗan tsage amma yana ba da wuta, ka zo ka ɗauka. Rumfar mai gadi ce, ba mai taɓawa. Ka zo da allunan duka in nuna maka cire fitila, in ba ka saba ba sai ka ɗaga layin tagullar da ke ƙarƙashi.

Nasiru, bayan mako huɗu

Assalamu alaikum. Na ce ba zan dawo ba sai da abin nunawa. Mun cire fitilu a shagon Yaya Mahamadu, allo ɗaya ya lalace a hannuna, saura 11. Barci yanzu 0.09 mA a miltimeta. Na gwada batiran ɗaya bayan ɗaya, mafi ƙarfi 2100, mafi rauni 900, na ba masu miƙawa manyan. Agogo na samu guda 11 daga wani abokin karatu a Yamai. Awa-awa suke farkawa, kawu kuma saƙo ɗaya yake samu bayan sallar asuba kamar yadda Baba Alhaji ya ce.

Yau kwana 21 da mayar da su. Goma na aiki. Batiran masu miƙawa sun sauka daga 4.15 V zuwa 4.08 V. Ɗaya ta yi shiru a kwana na 13, na tarar ruwa ya shiga ta inda wayar ma'auni ta fito, batirinta na nan cike. Da farko kawu ya ƙi duba saƙon. Shekaranjiya yaronsa ya ce mini ya tsallake fangali shida na gefen gabas bai ba su ruwa ba, bayan ya je ya tona da yatsa ya ga ya yi daidai da abin da salula ta ce.

Alhaji Ada

Madalla. In ta kai cira ka zo ka gan ni, akwai garkata ta bakin gulbi.

Malama Hadiza

Barka ƙanena. Yanzu sanyi ne, jarrabawar tana Maris. DS3231 na da ma'aunin zafi a cikinsa, ka ƙara shi a saƙo, ka riƙa aje awon ƙarfe biyu na rana tare da ƙarfin batir. Ina son in ga layin nan biyu gefe da gefe har ranar cira.

Nasiru

To Malama. Ranar Juma'a zan koma Galmi in sa shi, in kuma liƙe bakin wayoyin sauran da silikon kafin ruwa ya sake cin wata.